Yadda Ake Gane Zaren Saƙa Na Gwanjo Da Ba Shi Da Takarda

Bargon farko da na saƙa da zaren gwanjo wanki ɗaya ya yi ya tashi daga aiki. Gida-gida na saƙa shi, kala 6, sannan na haɗe. Da ya fito daga ruwa sai na ga jajayen gidajen sun tsuke sun yi tauri, sauran kuwa suna nan yadda na bar su, bargo ya tattare nan ya kumbura can, ko shimfiɗuwa ba ya yi. Laifin nawa ne. Jan zaren gashin tunkiya ne tsantsa, sauran na roba ne, ni kuma ido na bi na ce ai duk ulu ne.

Daga bakinmu ma matsalar take farawa, domin duk zaren saƙa mai laushi ulu muke ce masa, ko daga bayan tunkiya ya fito ko daga injin narka roba. Sabon zare yana zuwa da takardarsa a naɗe, ita ke raba gardama. Na gwanjo fa, ko ragowar aikin wata da aka ba ki kyauta, ko wanda kika warware daga tsohuwar suwaita, tsirara yake zuwa. Kada ki ɓata lokacinki wajen neman sunan kamfanin da ya yi shi, da wuya ki same shi, kuma ko kin samu ba lallai su ci gaba da yin irinsa ba. Abu 3 ne kike bukata daga waccan takardar da ta ɓace: da me aka yi zaren, kaurinsa, da tsawon abin da ke hannunki. Dukkansu zaren zai faɗa miki da kansa in kin san yadda ake tambayarsa.

Ki tanadi kyandir da ashana, hantsaki, farantin ƙarfe ko na tangaran, kofin ruwa, bilic, ƙananan kwalabe, sabulu, farin ƙyalle, rula, fensir, almakashi, da sikeli mai auna giram. In sikelin yana nuna har 0.1 na giram ya fi.

Kada ya shiga cikin zarenki tukuna

Ranar da zaren ya shigo gida, ki bar shi a ledarsa, nesa da inda kike ajiye naki. Asu ake gudu. Tsutsarsa ce ke cin gashin dabba, kuma dunƙule ɗaya mai ƙwai ya isa ya lalata miki akwati guda. Ki kai shi wurin haske ki buɗa tsakiyar dunƙulen da yatsu. Alamunsa su ne wani gari-gari kamar yashi mai laushi, 'yar yana fara, da wuraren da sili ɗaya ya tsinke ya bar sauran. In kin ga haka a wurare da yawa, ki haƙura da shi, domin duk kamu biyu za ki riƙa cin karo da tsinkakken wuri.

In ɓarnar kaɗan ce, ko ba ki ga komai ba amma zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ɗaure shi a leda, ki matse iskar, ki sa a firiza mai sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili. Kwana 3 shi ne mafi ƙaranci, ni mako guda nake bari. Ki fitar, ya kwana biyu a ɗaki, ki sake mayarwa, saboda ƙwan da ya tsira a karon farko. Ɓarnar asu ma shaida ce a kanta: asu bai damu da roba ba, inda duk kika ga ya ci sosai to akwai gashin dabba a zaren.

Ki shinshina kuma. Warin ajiya yana fita da wanki. Warin ruma, musamman a auduga, sau da yawa yana nufin zaren ya riga ya ruɓe. Ki jawo kamu biyu ki ja da hannu biyu, a waje da kuma can ciki. Wanda ya tsinke ba tare da kin sa ƙarfi ba, ba zai jure wanki ba.

Ido da hannu

Ki ba kowane dunƙule lamba, ki liƙa masa, sannan ki yanko kamar mita ɗaya daga kowanne ki ajiye kusa da lambarsa. Wannan ɗan aikin kada ki raina shi. Farare 4 in suka haɗu a faranti, bayan minti 10 ba za ki tuna wanne ne wanne ba.

Yanzu ki ja zaren ki saki. Auduga ba ta miƙewa, tana da nauyi, tana da sanyi a fata. In tana ƙyalli kuma ta murɗu sosai, to auduga ce da aka jiƙa a soda mai ƙarfi, dabarar da wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, ya gano a 1844, kuma yawancin siraran zaren kwarashi haka ake yin su. Gashin tunkiya yana miƙewa ya koma, kamar yana da rai, ga 'yan gasu a jikinsa. Akirilik, wato ulun roba da ya fi kowanne yawa, ba shi da nauyi, kuma in kin murza shi a kusa da kunne wani lokaci za ki ji yana ɗan ƙara. Lilin yana da tauri kamar igiya kafin a wanke shi. Biskos, wanda ake yi da narkakken itace ko gora, santsi ne da shi da ƙyalli, yana zamewa daga yatsu.

Sai dai hannu yana ruɗuwa. Akirilik na yanzu ana yin sa da laushin da zai yaudari wadda ta shekara 20 tana saƙa. Abin da hannu ya faɗa miki zato ne, ki rubuta shi da fensir.

Kafin ki wuce, ki warware murɗin zaren ki ga silinsa. In sili ɗaya ya bambanta da sauran wajen ƙyalli ko kala, ki raba su, kowanne a yi masa gwajinsa daban.

Gwajin wuta

Wannan shi ne babban alƙali, kuma a nan ya kamata ki natsu. Ki yi shi kusa da taga ko a waje, kofin ruwa a gefe, yara ba sa kusa, hannun riga a naɗe. Ki yanki zare tsawon yatsa, ki kama da hantsaki, faranti a ƙasa. Kada ki taɓa riƙe shi da yatsu, domin roba in ta narke ta ɗiga a fata, mannewa take yi ta ci gaba da ƙuna.

Abu 4 za ki lura da su, ɗaya bayan ɗaya: abin da zaren ya yi da ya kusanci wuta kafin ta taɓa shi, yadda ya ci, abin da ya faru da kika janye shi, da abin da ya rage bayan ya huce. Ƙaurin kuma ki kaɗo shi da hannu zuwa hancinki bayan wutar ta mutu, kada ki kai hanci kan hayaƙin.

Gashin tunkiya ba ya son kamawa. Zai ɗan nannaɗe, ya yi cuwa-cuwa, kina janye shi daga kyandir wutar ta mutu da kanta. Ƙaurinsa na gashi ne sak, duk wadda gashinta ya taɓa taɓa wuta ta san shi. Yana barin baƙin ƙulli a baki, amma kina murza ƙullin ya zama gari. Duk gashin dabba haka yake yi, na akuya ne, na zomo ne ko na alfaka, wata dabba 'yar uwar raƙumi. Siliki ma kusan haka ne, sai dai ƙaurinsa bai kai ƙarfin na gashi ba. Wuta ba za ta bambanta miki su ba, ƙyalli da santsi ne za su nuna siliki.

Auduga nan take take kamawa, harshen wutar rawaya, kuma ba ta mutuwa don kin janye. Ko kin hure ta, bakin zaren zai ci gaba da yin ja kamar garwashi. Ƙaurin takarda take yi, tokarta kuma laushi ne da ita, fara-fara, ba ƙulli ko kaɗan. Lilin da biskos 'yan gida ɗaya ne da ita a gaban wuta, tunda duk daga tsiro suke. In kina son raba su, ki jiƙa sili ɗaya ki ja: auduga da lilin suna ƙara ƙarfi in sun jiƙe, biskos kuwa rauni yake yi, sai ya tsinke daidai wurin da ruwa ya taɓa.

Akirilik tun kafin wuta ta taɓa shi yake ja da baya. Yana kamawa sai ya ci da sauri, yana narkewa, yana baƙin hayaƙi mai hawa kai, kuma ba ya mutuwa sai kin tsoma shi a ruwa. Abin da ya rage baƙin ƙulli ne mai tauri, ba ya murzuwa. Nailan ya fi narkewa fiye da ci, yana ɗiga, ƙullinsa mai tauri ne mulmulalle, launinsa toka-toka ko ruwan ƙasa. Poliyesta ma narkewa yake yi da baƙin hayaƙi, ya bar ƙulli mai tauri. Gaskiya ni ban cika damuwa da raba waɗannan ukun ba. A wajen mai saƙa hukuncinsu kusan ɗaya ne: suna jure wanki, ba sa jure zafi.

Duk bayanin nan a taƙaice yana wurin ƙullin. Ya murje ya zama gari, gashi ne. Toka ce zalla, tsiro ne. Ya ƙi murzuwa, roba ce.

Inda aikin yake rikicewa shi ne zaren haɗi, kuma yana da yawa a gwanjo. Za ki ji ƙaurin gashi, amma wutar ta ƙi mutuwa, ƙullin kuma rabinsa ya murje rabi ya tsaya da tauri. Ko ki ji ƙaurin takarda ga kuma ɗigon roba. In alamu suka saɓa wa juna haka, kada ki ce kin yi kuskure, zaren ne ruwa biyu. In kina da ragowar zaren da kika tabbatar da asalinsa, ki ƙona shi tare da baƙon ki kwatanta. Wannan ya fi duk wani kwatance da zan yi miki a rubuce.

Bilic, don raba zaren haɗi

Bilic mai sinadarin kulorin yana narkar da gashin dabba da siliki, ba ya narkar da auduga ko roba cikin 'yan sa'o'i. Ki zuba kaɗan a kwalba, ba tare da sirkawa ba, ki jefa guntun zare, ki ajiye a wurin da iska ke shiga, kada ki toshe bakin kwalbar gam. Kada kuma ki haɗa shi da wani ruwan wanki ko ruwan tsami, iskar da za ta tashi guba ce. Bilic ɗin ya zama sabo, wanda ya daɗe a ajiye ƙarfinsa ya ragu, zai sa ki yanke hukuncin ƙarya.

Gashin tunkiya zai fara fitar da ƙananan kumfa, ya yi laushi, zuwa safiya ki tarar babu shi. Akirilik zai kwana yadda kika sa shi, sau da yawa ko kalarsa ba ta canjawa. Auduga za ta iya kodewa ta yi fari, amma zaren na nan. Na haɗi kuwa zai rame, ya bar abin da ba gashi ba. Zaren safa, misali, galibi kashi 75 gashi ne, kashi 25 nailan, abin da za ki tarar da safe wata siririyar yana ce kawai tana yawo a kwalba.

In gashi ne, zai tsuke?

Tambayar da ban yi ba ke nan ranar bargon nan. Gashin tunkiya yana da ƙananan ɓawo a jikinsa kamar na kifi, ruwan zafi da sabulu da cuɗawa suna sa su sarƙe da juna, kuma in sun sarƙe babu mai raba su. Wasu kamfanoni suna gyara gashin yadda zai shiga injin wanki lafiya, wuta da bilic kuma ba za su nuna miki ko an gyara ba. Ki yanki guntun zaren guda biyu, ki jiƙa da ruwa mai zafi, ki ɗan shafa sabulu, ki murza su tare a tafin hannu na minti ɗaya ko biyu. In sun dunƙule sun ƙi rabuwa, wannan zaren wankin hannu ne da ruwan sanyi, kuma kada ki haɗa shi da wani iri a aiki ɗaya. In sun rabu salin-alin, an gyara shi.

Tunda ruwan zafi na kusa, ki gwada ko kalarsa na zuba. Ki jiƙa guntun zare, ki naɗe a farin ƙyalle, ki matse, ki bari minti 15. Ja, baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi yin wannan halin, musamman a auduga. Mai zuba a wanke shi shi kaɗai har ruwan ya fita fes, ko a saƙa shi shi kaɗai.

Kauri

Kada ki ƙirga sili ki ce kin san kauri. Akwai zare mai sili 4 siriri, akwai mai sili ɗaya kamar yatsa. Hanyar da ake bi ita ce naɗi. Ki naɗa zaren a jikin fensir, kowane zagaye yana taɓa ɗan'uwansa, ba ja, ba hawa kan juna, ba tazara. Ki naɗe tsawon inci 2, wato kusan santimita 5, ki ƙirga zagayen, ki raba biyu. Adadin da ya fito shi ne naɗi a inci ɗaya.

Ƙungiyar Craft Yarn Council ta Amurka ta kasa zare gida 8, daga 0 zuwa 7, kuma lambobin nan su za ki gani a yawancin tsare-tsaren saƙa na intanet. Waɗanda za ki fi cin karo da su:

- Naɗi 14 zuwa 30: lamba 1, kwarashi milimita 2.25 zuwa 3.5.
- Naɗi 12 zuwa 18: lamba 2, kwarashi 3.5 zuwa 4.5.
- Naɗi 11 zuwa 15: lamba 3, kwarashi 4.5 zuwa 5.5.
- Naɗi 9 zuwa 12: lamba 4, kwarashi 5.5 zuwa 6.5.
- Naɗi 6 zuwa 9: lamba 5, kwarashi 6.5 zuwa 9.

Abin da ya haura 30 lamba 0 ne, zaren leshi, wanda ake saƙawa da siririn kwarashin ƙarfe. Abin da ya gaza 6 kuma manya ne, lamba 6 da 7. Kin lura iyakokin suna shiga juna, naɗi 12 zai iya faɗawa gida uku. Haka abin yake, naɗi kusantar da ke yake yi kawai. Zare mai gashi buzu-buzu kuma ba ya aunuwa da wannan hanyar, domin gashin ne ke cike wuri, ba tsakiyarsa ba.

Ga wani abu da ya shafe mu masu kwarashi. Ki riƙe zaren a tsaye ki dubi karkatar murɗinsa. In ta bi tsakiyar harafin S, wanda shi ne ya fi yawa, mai saƙa da hannun dama za ta ga yana ɗan warwarewa yana rabewa a bakin kwarashi. In ta bi harafin Z, ƙara murɗuwa yake yi, saƙar ta fito tsaf. Ba dalilin yar da zare ba ne, amma in ya dame ki da rabewa kin san daga ina ne.

Nawa ne a hannunki?

Babu takaici kamar zare ya ƙare saura hannun riga ɗaya, ga shi babu inda za ki samo irinsa. Ki auna mita 10, ba sai kin yanke ba, ki dunƙule ki ɗora a sikeli, sauran dunƙulen yana gefe a kan tebur. A ce ya ba ki giram 4.2. Ki auna dunƙulen gaba ɗaya, a ce giram 86. Ki raba 86 da 4.2, ya ba ki 20 da ɗan ɗori, ki ninka da 10, kina da kusan mita 205. In akwai kwali a tsakiya ki cire nauyinsa. In sikelinki cikakken giram kawai yake nunawa, ki auna mita 30 maimakon 10, kuskuren zai ragu.

Lissafin nan yana kuma tabbatar miki da kauri. A ulun gashi ko akirilik, giram 100 na lamba 4 yakan kai mita 200 ko kusa da haka, na lamba 1 kuma wajen mita 400. Auduga ta fi nauyi, don haka mitocinta sukan gaza haka.

Saƙar gwaji

Duk abin da kika yi a baya shaida ce, a nan ake yanke hukunci. In zaren warwararre ne daga tsohuwar riga, zai zo a lanƙwashe. Ki naɗa shi a bayan kujera ya zama babban zobe, ki ɗaure wuri 4, ki jiƙa na minti 20, ki matse a tawul, ki rataye a inuwa ya miƙe. In kin saƙa shi a lanƙwashe, awonki ba zai tsaya ba.

Ki saƙa murabba'i mai faɗin santimita 15 da irin saƙar da za ki yi aikin da ita. Ki auna santimita 10 a tsakiya, ki ƙirga saƙa nawa da layi nawa suka shiga, ki rubuta. A gajeriyar saƙa, wato single crochet, zare lamba 4 yakan ba da saƙa 11 zuwa 14, lamba 3 kuma 12 zuwa 17. Sannan ki wanke shi daidai yadda mai kayan zai riƙa wankewa, ba yadda ke za ki lallaɓa shi ba. Ya bushe ki sake aunawa. Auduga da biskos sukan saki su ƙara tsawo, gashi yakan cika ya yi laushi, akirilik kuwa da wuya ya motsa. Ki goga shi a wuyanki ki ji ko yana ƙaiƙayi, tun kafin ki saƙa wa jariri hula da shi.

Murabba'in nan zai kuma faɗa miki ko zaren zai isa. In santimita 15 sau 15 ya auna giram 13, 15 sau 15 ɗin 225 ke nan. Mayafin wuya mai faɗin santimita 20 da tsawon 150 kuwa, 20 sau 150, 3,000 ne, wato murabba'in sau 13 da ɗori, kusan giram 175. Ki ƙara kashi 10 cikin 100 saboda baki da haɗi.

Sai rabon aiki. Abin da zai taɓa tukunya mai zafi, auduga ko gashi tsantsa, kada roba ta kusance shi. Abin da za a riƙa wankewa kullum, akirilik ko auduga. Dunƙule biyu masu kala ɗaya, ki fita da su hasken rana ki haɗa su gefe da gefe, domin rinin yau da na gobe ba sa zama ɗaya. In sun ɗan bambanta, ki riƙa sauya su duk layi biyu, bambancin zai ɓace a ido. Wanda kuma ya ƙi bayyana kansa bayan duk wannan, ki yi masa aikin da shi kaɗai zai tsaya, jaka ko ɗan kwando, ki wanke da ruwan sanyi.

Daga ƙarshe ki yi masa takardar da ya rasa. Ki rubuta irin zaren, naɗi nawa a inci, lambar kwarashin da ta dace da hannunki, nauyi da tsawon da ya rage, ko yana zuba, ko yana tsukewa. Ki huda takardar, ki ɗaura ta da guntun zaren a jikin murabba'in gwajin, ki sa su leda ɗaya da dunƙulen.